Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba

Hausawa suna da wata karin magana da ke cewa, "Hangen Dala ba shiga birni ba." Dala dutse ne a cikin birnin Kano. A zamanin da, lokacin da fatake ke tafiya da jakuna da raƙuma, matafiyi yakan hango kan dutsen tun yana nesa, sai ransa ya yi fari, ya ɗauka ya iso. Alhali kuwa da sauran tafiya a gabansa. Sai ya kai bakin ganuwa, ya shiga ta ƙofa, ya sami masauki, sannan za a ce ya zo Kano.

Ya kai ɗalibi mai koyon Hausa, wannan karin magana da kai take. Ka san sunayen ranakun mako, ka iya ƙidaya, ka haddace gaisuwar safe da ta yamma. Wataƙila ka ga hotunan hawan salla a talabijin ko a waya. Duk wannan hangen Dala ne. Ra'ayina shi ne, kwana biyu na ƙarshen mako da za ka yi a wani birnin Hausawa tare da abokinka, kuna yawo da ƙafa, kuna cin abincin garin, kuna magana da mutanensa, za su ba ka abin da aji ba zai iya ba ka ba. Sai dai akwai sharaɗi. Mutum yana iya zuwa gari, ya kwana biyu, ya cika wayarsa da hotuna, ya koma gida bai shiga garin ba. Zan ɗauki Kano misali, in nuna maka yadda ake shiga birni.

Me ya sa za ka je?

Tun a shekarar 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta buƙaci yaron Nijeriya ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, wato Hausa da Ibo da Yarabanci, ban da harshen gidansu. Dalilin da ya sa wannan littafi yake hannunka ke nan. Kafin wannan, a 1973, an kafa shirin yi wa ƙasa hidima, wanda ke tura matasan da suka gama karatu mai zurfi zuwa jihohin da ba nasu ba. Wata rana kai ma takarda za ta iya fitowa da sunan wata jiha ta Arewa. Idan ranar ta zo, da wane irin tunani za ka tafi?

Yawancin abin da mutumin Kudu ya sani game da Arewa ji ya yi. Haka ma mutumin Arewa game da Kudu. Mummunan labari kuwa ya fi kyakkyawa saurin tafiya. Ba a sa labarin mai shayin da ya mayar wa baƙo canjinsa a jarida, amma rikicin kasuwa na yini ɗaya yakan kai ko'ina. Da haka tsoro ke shiga zuciya, tsoro kuma ya haifi raini da ƙiyayya. Maganin wannan cuta tsoho ne: gani ya kori ji.

Kano ta dace da wannan darasi, domin tun fil azal garin baƙi ce. Sunayen unguwanninta ma shaida ne. A cikin tsohon birni akwai Ayagi, inda Yarabawa suka zauna tun da daɗewa. Akwai Tudun Nufawa, akwai Zangon Barebari, akwai kuma Dandalin Turawa, inda Larabawa 'yan kasuwa suka yi gidaje. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Legas da Kano a 1912, mutanen Kudu suka yi ta zuwa, unguwar Sabon Gari ta cika ta batse. Saboda haka, idan ka je, wata tsohuwar hanya ka bi, wadda wataƙila kakanninka sun riga ka takawa.

Wurare kaɗan, kallo a tsanake

Kuskuren da masu ziyara suka fi yi shi ne haɗama. Sukan rubuta wurare goma sha biyar, su hau adaidaita sahu, su tsaya minti biyar a kowane wuri, su ɗauki hoto, su wuce. Da yamma sun gaji tilis, idan kuma aka tambaye su abin da suka gani, sai su miƙo waya. Sauri ya haifi nawa. Ni a ganina wuri huɗu sun ishe ku ranar Asabar, muddin za ku ba kowanne haƙƙinsa.

Ku fara da Dala da sassafe, kafin rana ta yi zafi. Akwai matakala da za ta kai ku sama. Daga can za ku ga birnin a shimfiɗe: koren rufin babban masallaci da hasumiyoyinsa, da Goron Dutse a gefe, da gidaje iya ganin ido. Kada ku yi gaggawar sauka. A nan garin ya faro. Masu binciken tarihi sun gano alamun narkar da tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, shugaban mutanen da ke zaune a wurin kafin zuwan Bagauda, wanda ake ƙirga sarautarsa daga shekarar 999. Wanda ya san wannan, idan ya tsaya a kan dutsen, shekara fiye da dubu yake kallo.

Daga nan ku nufi Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. An gina shi a ƙarni na 15, ana kuma danganta shi da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Yanzu gidan adana kayan tarihi ne. A ciki za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Amma ginin kansa ma abin kallo ne. Ka taɓa bangon, ka ji kaurinsa. Ka ɗaga kai ka dubi yadda aka jera azara a rufi. Ka lura da sanyin ɗakin, alhali babu na'urar sanyaya iska. Da tubali da ƙasa magina suka yi wannan. Idan mai yi muku bayani ya tambaya da wane harshe zai yi, ku ce da Hausa, ku roƙe shi ya yi a hankali. Abin da ya shige maka duhu, abokinka zai iya kamawa.

Wuri na uku shi ne marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa ta fara aiki tun 1498. Ramuka ne masu zurfi, inda ake jiƙa baba da toka a bar su su tsima. Ka tsaya ka ga marini yana tsoma ƙyalle yana ɗagowa. Da farko ƙyallen yakan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi, ya rikiɗe ya zama shuɗi a gaban idonka. Sau da yawa ake tsomawa kafin launin ya kama sosai. A kusa za ka ji ƙarar mabuga, masu dukan yadi da guduma ta itace har ya yi sheƙi. Za ka kuma ga ramuka da yawa da aka daina amfani da su, domin yadin masana'anta mai araha ya rage wa sana'ar kasuwa. Ka tambayi marinin, "Baba, a wurin wa ka koyi wannan aiki?" Amsar da zai ba ka ta fi hoto goma daraja.

A kan hanyarku za ku riƙa ratsa ƙofofin gari, irin su Ƙofar Nassarawa da Ƙofar Na'isa da Ƙofar Mata. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwa a ƙarni na 12, sarakunan baya suka faɗaɗa ta. A yau sassa da yawa sun zube, wasu kuma an yi gine-gine a kansu. Wannan ma abin lura ne. Mai ziyara na gari yana ganin abin alfahari, yana kuma ganin abin takaici, ya koma gida ya tambayi kansa yadda garinsu ke riƙon nasa kayan tarihin.

Kasuwa ita ce babban aji

Na ware wuri na huɗu domin ya fi sauran muhimmanci ga mai koyon harshe. Wannan ita ce kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Rumfa. Nan ne ayarin fatake daga ƙetaren Sahara ke sauke kaya: gishiri da kanwa da tufafi da littattafai. Daga nan kuma ake ɗaukar jemammiyar fata da rinannen yadi. Goro yakan zo daga Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu. An kuma sayar da bayi a wannan kasuwa, gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba. A yau lungunanta ƙanana ne, cike da huluna da takalman fata da ƙwarya da turare da kayan doki.

A aji, idan ka yi kuskure, jan biro ne sakamakonka. A kasuwa kuwa, maganarka tana da farashi. Ga yadda ciniki yake tafiya:

"Salamu alaikum. Sannu da kasuwa, Alhaji."
"Yawwa, sannu samari. Me ake buƙata?"
"Wannan hular nawa ce?"
"Dubu biyar."
"A yi mini ragi. Na saya dubu uku."
"Albarka."

Ka lura da wannan kalma ta ƙarshe. A littafi ka koyi cewa albarka abu ne mai kyau. A bakin ɗan kasuwa kuwa, ma'anarta ita ce tayinka bai kai ba, ka ƙara. Ya ƙi, amma da addu'a ya ƙi. Idan kun daidaita zai ce, "Na sallama," ko kuma, "Kawo kuɗi." Idan gyaɗa ko dabino ka saya, kana iya cewa, "A yi mini gyara," sai a ƙara maka ɗan kaɗan kyauta. Waɗannan kalmomi uku, albarka da sallama da gyara, sun ƙunshi tarbiyyar ciniki ta Hausawa: a yi jayayya ba tare da ɓacin rai ba, a rabu kowa yana murmushi.

Akwai ladubban da ya kamata ka kiyaye. Gaisuwa tana gaba da tambaya. Wanda ya fara da "nawa ne" ba tare da sallama ba ya nuna rashin tarbiyya. Ka kira namiji Malam ko Alhaji, dattijo Baba, mace Hajiya ko Malama. Ka miƙa kuɗi da hannun dama, ka karɓi kaya da shi. Kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, domin idan aka sallama maka ka tafi, ka ci fuskar mai kaya. Kada kuma ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, musamman mata da yara. Mutanen gari ba kayan kallo ba ne.

Za su yi dariyar Hausarka? E, wani lokaci za su yi. Za ka ce "kasa" a inda ya kamata ka ce "ƙasa", ko ka mai da mace namiji a cikin jimla. Amma a shekarun da na yi ina koyar da wannan harshe, na lura Bahaushe yana murna ƙwarai da baƙon da ya yi ƙoƙarin jin harshensa. Dariyar tasa ta jin daɗi ce, kuma sau da yawa gyara ke biyo bayanta. Wanda ke tsoron dariya ba zai taɓa iya harshe ba.

Ka ci abin da garin ke ci

A nan ne nake da tsattsauran ra'ayi. Abin mamaki ne mutum ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, sa'an nan ya shiga irin gidan abincin da ke bakin titin gidansu, ya ci soyayyen kaza da dankali, ya ce ya ci abinci a Kano. Ya cika cikinsa, amma bai ƙaru da kome ba. Abincin gari yana gaya maka abin da ƙasarsa ke nomawa. Gero da dawa da masara da gyaɗa da wake da shanu su ne arzikin Arewa, su ne kuma za ka tarar a cikin kwanonka.

Da safe ku nemi mai ƙosai da koko. Ƙosai ba baƙonka ba ne, shi ne abin da ake kira akara a Kudu. Ko kuma ku ci waina, wadda wasu ke kira masa. Da ƙullun shinkafa ake yin ta, a bar shi ya kwana ya tashi, a soya a tanda, a ci da miyar taushe ko da zuma. Da rana, lokacin da zafi ya yi tsanani, fura da nono ce ta dace. Da gero ake yin fura, a dama ta da nono a cikin ƙwarya, a sha da ludayi. Idan kuna son abin da ya fi nauyi, ga ɗanwake da mai da yaji, ga kuma tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka, wadda ake yi da garin busasshen ganyen kuka da daddawa.

Kada ku bar Kano ba ku ci gurasa ba, domin da ita aka san garin. Da fulawa ake yin ta, a gasa a tanderu. Idan aka yayyafa mata ruwa, aka barbaɗa garin ƙuliƙuli da yaji, aka zuba man gyaɗa da albasa, sunanta ya zama bandashe. Da daddare kuma sai wurin mai nama. Abin da ka saba kira suya, a nan yana da sunaye: tsire shi ne wanda aka soke a tsinke, balangu kuwa gasasshen nama ne da ake yayyanka maka a takarda. Kilishi shi ne wanda aka yanyana fale-fale, aka shanya, aka tsoma a haɗin gyaɗa da kayan yaji, aka sake busarwa, sa'an nan aka nuna wa wuta. Ba ya saurin lalacewa, shi ya sa ya zama tsarabar matafiyi.

Wurin cin abinci ma makaranta ce. Idan ka tarar da mutum yana ci, zai ce maka, "Bismilla." Gayyata ce. Idan ba za ka ci ba, sai ka ce, "Alhamdu lillahi, na gode." Kai ma idan kana ci wani ya zo, haka za ka yi masa. Ka wanke hannu, ka ci da dama, ka ci gabanka idan kwano ɗaya kuka haɗa. Akwai kuma wata kalma da za ka so, wato santi. Idan abinci ya yi wa mutum daɗi har ya fara surutu marar kan gado, ko ya shiga yabon mai girki ba ƙaƙƙautawa, sai a ce yana santi, a yi masa dariya. Ka sa ido a kan abokinka lokacin da bandashe ya shiga bakinsa.

Ban ce ka ci duk abin da ka gani ba. Rigakafi ya fi magani. Ka zaɓi wuri mai tsabta wanda mutanen gari ke yawan zuwa. Ka fi son abincin da aka sauke daga wuta a gabanka. Ka sha ruwan da ka amince da shi. Idan jikinka ba ya karɓar gyaɗa, ka sani tana cikin tsire da kilishi da bandashe, har da miyar taushe. Idan ba ka saba da yaji ba, ka koyi wannan jimla tun daga gida: "Don Allah a sa mini yaji kaɗan."

Amfanin aboki, da nauyinsa

Me ya sa na ce ka tafi da aboki? Dalili na farko a fili yake: ido huɗu sun fi biyu, kuɗin masauki da na mota kuma sun fi sauƙi idan an raba. Dalili na biyu ya shafi harshe. Mutum ɗaya yakan ji kunya ya yi shiru, amma mutum biyu sukan ƙarfafa juna. Kuna iya yin yarjejeniya cewa daga safe zuwa azahar ba wanda zai yi magana da wani harshe sai Hausa. Da dare ku zauna ku rubuta sababbin kalmomin da kowa ya tsinto, ku ga wanda ya fi.

Sai dai tafiya tana tona hali. Abokin da kuke dariya da shi a makaranta, ba ka san shi ba sai kun ji yunwa tare, kun ɓata hanya tare, kuɗinku ya kusa ƙarewa tare. Abubuwa uku ne suka fi haddasa saɓani: kuɗi da lokaci da zaɓi. Saboda haka ku yi maganarsu tun kafin ku tashi. Nawa kowa zai kawo? Wa zai riƙe kuɗin mota da na abinci? Idan ɗaya ya fi ɗaya hali, kada mai shi ya ja ɗan'uwansa zuwa wurin da zai ji kunyar aljihunsa. Ku tsara tafiyar daidai ƙarfin wanda ya fi ƙaramin ƙarfi. Daidai ruwa daidai tsaki. Idan ɗaya yana son tarihi, ɗaya kuma kasuwa, to, safiya ta wannan, yamma ta wancan. Idan lokacin ibadar ɗayanku ya yi, ɗayan ya jira shi da haƙuri. Musulmi zai sami masallaci a kowace unguwa, Kirista kuma zai sami majami'u da yawa a Sabon Gari ranar Lahadi da safe.

Ranar Lahadin, kada ku cika ta da yawo. Wuri ɗaya ya isa, misali Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Hausawa ne suka raɗa masa suna Ɗan Hausa saboda yadda ya iya harshensu. Shi ma da koyo ya iya, kamar yadda kake yi yanzu. Daga nan ku sayi tsaraba, ku yi sallama da mai masaukinku, ku kama hanya da sauran rana.

Abin da masu ja da ni za su ce

Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko za su ce tafiya tana cin kuɗi, iyaye kuwa da ƙyar suke biyan kuɗin makaranta. Gaskiya ne. Daga Legas zuwa Kano wajen kilomita 1,000 ne a mota, ba tafiyar da za a yi a je a dawo cikin kwana biyu ba ce, sai dai a jirgin sama, wanda ba kowa ke da halinsa ba. Amsata ita ce, Kano misali ce kawai. Wanda ke kusa da Zariya ko Katsina ko Sakkwato ko Bauci, ya je can. Wanda kuma duk suka yi masa nisa, ya sani Hausawa sun riga sun kawo masa garinsu har gida. Akwai Sabo a Ibadan da Shagamu, akwai Agege da Idi Araba a Legas, akwai Bogobiri a Kalaba, akwai unguwannin da ake kira Ama Hausa a wasu garuruwan ƙasar Ibo. A can ma akwai mai shayi da mai tsire da mai goro, akwai albarka da gyara. Kuɗin mota kaɗan da yini ɗaya sun isa.

Na biyu za su ce hanya ba lafiya. Wannan ma ba abin wasa ba ne, domin wasu hanyoyin ƙasarmu sun yi fama da 'yan fashi da masu satar mutane. Ba na ba kowane ɗalibi shawarar ya saci jiki ya tafi. Ba a yin irin wannan tafiya sai da izinin iyaye, da rakiyar babba, da sanin wanda zai karɓe ku a can. Ku yi tafiya da rana, ku hau mota a tasha, ku tambayi halin da hanya ke ciki kafin ku tashi. Idan aka ce ba ta da kyau, ku ɗaga tafiyar. Mafi alheri ma shi ne makaranta ta shirya ziyarar, malamin Hausa ya jagorance ta. Hankali daban, tsoro daban. Hankali yana sa mutum ya shirya kafin ya fita, tsoro kuwa yana kulle shi a ɗaki har tsufansa.

Na uku za su ce me za a koya a kwana biyu? Ba za ka zama gwanin Hausa a kwana biyu ba, wannan haka yake. Amma akwai abin da ke faruwa a ranar da ka yi magana da harshen da ka koya a allo, wani mutum da bai san ka ba ya fahimce ka, ya amsa maka. Daga ranar Hausa ta tashi daga darasin jarrabawa, ta zama abin hannunka. Ɗaliban da suka ɗanɗana wannan sukan dawo aji da tambayoyi, malami kuwa ba abin da yake so kamar ɗalibi mai tambaya.

Kafin ka ɗaura jaka

Ka zaɓi lokaci. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yana da tsanani. A Disamba da Janairu kuwa akwai hunturu, da sanyin safiya da ƙura, sai ka riƙe rigar sanyi da man shafawa. Ka sa tufafin mutunci masu rufe jiki. Ke ma ɗaliba, ki riƙe mayafi ko ɗankwali. Ka cire takalmi idan za ka hau tabarma. Kada ka shiga gidan kowa sai an yi maka iso. A zaure baƙo namiji yake tsayawa. Ka riƙe ƙaramin littafi da biro. Idan ka rasa hanya, ka yi sallama ka tambaya, domin matambayi ba ya ɓata.

Ƙasar nan babba ce, amma da yawa daga cikinmu sun san sunayen biranen Ingila da Amurka fiye da na maƙwabtansu. Harshen da kake koyo mabuɗi ne da aka damƙa maka. Mabuɗi kuwa ba ya amfani a aljihu. Ka nemi izinin iyayenka, ka nemi abokin kirki, ku tara ɗan abin da ya samu, ku je ku gaisa da mutane. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Tambayoyi

1. Yi bayanin ma'anar karin maganar da aka yi wa wannan rubutu take da ita.
2. Waɗanne wurare huɗu marubucin ya ba da shawarar a ziyarta ranar Asabar?
3. Mece ce ma'anar "albarka" da "gyara" a wurin ciniki?
4. Kawo bambanci tsakanin tsire da balangu da kilishi.
5. Waɗanne hujjoji uku masu ja da marubucin suka kawo? Ka gamsu da amsoshinsa? Kawo dalilanka.
6. Kai da abokinka ku shirya taɗin ciniki tsakanin mai saye da mai sayar da takalmi, ku gabatar a gaban aji.